Ranar Juye, Ka Tsaya Ka Gani

Ɗana, Allah ya sa albarka a babur ɗin nan da ya zo hannunka, ko saye ka yi, ko na haya ne kana kai balas, ko na Baba ne ya danƙa maka don makaranta da gona. Ina ganin irinku kullum da safe a bakin famfo, ana sheƙa wa mashin ruwan omo, ana goge tanki har mutum ya ga fuskarsa. Wani ya sa fitilu masu walƙiya, wani ya canza hon, wani ya liƙa sunan budurwa a bayan sit. Ba ni da ta cewa a nan, ƙuruciya ce, kowa ya yi tasa. Abin da nake so mu tattauna ba ya ƙyalli, ba kuma wanda zai gan shi ya yaba maka. Baƙin mai ne, wanda ke kwance a ƙasan injin, da ƙyar ya wuce lita ɗaya. Shi ke yanke hukunci ko mashin ɗin zai yi shekaru yana ciyar da kai, ko kuwa kafin damina biyu a farke masa ciki a gareji.

Ka fara sanin irin wahalar da litar nan take sha. Ƙaramar mota tana ɗaukar wajen lita huɗu, man giyarta daban yake, tana kuma da lagireto mai ruwa da fanka da ke sanyaya ta. Baburan da muke hawa, su Boxer da TVS da Haojue da Jincheng, ba su da ko ɗaya daga cikin wannan gata. Iskar hanya ce ke sanyaya su daga waje, mai ke kwashe zafi daga ciki. Man da ke shafe fistin shi ne dai ke wanke haƙoran giya, kuma a cikinsa kulochi yake jiƙe. Haƙoran giya suna murƙushe shi har kaurinsa ya ragu, garin da kulochi ke zubarwa yana faɗawa ciki, toka da ɗan fetur suna sulalowa ta gefen ringi su gauraya da shi. Ka ɗora a kan wannan zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ga fasinja biyu da buhu a baya, ga cunkoso inda mashin ke tsaye yana aiki babu iskar da ke bugunsa. Hunturu ya zo kuma ƙura ta karɓi aiki.

Akwai wani labari da ya kamata duk mai babur ya sani. A shekarar 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura ma'aikatansa su zaga ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya da Iran da Pakistan, su gano abin da ya sa baburansu ke saurin lalacewa a can. Suka tarar mutane ba sa juye sai mai ya zama kwaɓaɓɓe, matatar iska ta toshe da ƙasa, ana lodin da ya fi ƙarfin mashin, ba a zuwa wurin bakanike sai injin ya tsaya cak. Da suka koma gida sai suka ƙera injin da zai jure wa sakaci, shi ne CG125 da ya fito a 1975. Da yawa daga cikin baburan Sin da suka cika garuruwanmu, a kan tsarin injin nan aka kwaikwaye su, na Indiya ma da irin wannan tunanin aka yi su. To, a nan yaudarar take. Mashin ɗinka jaki ne, haƙuri gare shi, ba ya kuka da wuri. Za ka wuce lokacin juye da wata guda ya ci gaba da tashi bugu ɗaya, sai ka ce ashe ma tsoratarwa ce ta masu sayar da mai. Alhali ƙarfe na cin ƙarfe a ciki, kai dai ba ka ji ba ne.

Yadda abin ke zuwa kusan iri ɗaya ne ga kowa. Da farko wata 'yar ƙara ce a kan injin, kas-kas-kas, wadda ba ka saba ji ba. Sai giya ta fara tauri, neman furi ya zama aiki. Sai ka lura mashin ba ya jan tudu kamar da, kana murɗa totur yana nishi. Daga nan salansa ta fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, alamar mai ya fara haurawa yana ƙonewa tare da fetur, mashin ya fara shan mai ke nan. Ƙarshenta wata rana, galibi a hanya mai nisa da tsakar rana, injin ya buga. Sai sayen fistin da ringi da gasket, a kai bulok a gyara ko a canza shi, in abin ya taɓa ƙasa har da kwanrod. Ka ƙara kuɗin aiki, ka ƙara kwanakin da za ka yi zaune ba ka fita nema ba, balas kuwa na taruwa. Na san tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, galan ɗin baƙin mai ma ya ninka, kuma mai neman na abinci dole ya ƙirga kowace naira. Amma ka ƙirga duka, kada ka ƙirga rabi. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Yaushe ake juye? Yawancin samari da launi suke aunawa, a zaro geji a duba, in ya yi baƙi a ce ya mutu, in da sauran haske a ce da saura. Launi ba ma'auni ba ne. Mai mai kyau yana saurin yin duhu saboda yana kwasar datti yana riƙewa, aikinsa ke nan. Jabu kuwa yana iya daɗewa da haske don ba ya wanke komai. Murza shi tsakanin yatsu ma ba ya gaya maka duka. Ma'aunin gaskiya tafiya ce, wato kilomita. Ɗan littafin nan da ke zuwa cikin leda tare da sabon mashin, wanda ake jefawa ƙarƙashin katifa, ya faɗi adadin, kuma kamfani da kamfani sun bambanta. Sai dai masu littafin da kansu sukan ce a rage tazarar in ana aiki cikin ƙura da zafi da lodi, mu kuwa ba mu da wani aikin da ya wuce wannan. A ganina ɗan acaba kada ya wuce kilomita 1,500 zuwa 2,000. Yi lissafi da kanka: in kana cin kilomita 120 a wuni, cikin sati biyu ka haura 1,600. Mai zuwa ofis ko makaranta ya dawo yana iya kai wata biyu ko uku. Wanda mashin ɗinsa ke yawan zama a zaure, shi ma kada ya bar mai ya shekara a ciki, domin raɓa na taruwa ko ba a hawa.

In wayar mita ta tsinke, ka gyara ta, ba ta da tsada. In ba ka gyara ba, ka ɗaura juyen da rana sananniya, misali kowace Juma'a ta biyu, ka rubuta a wayarka. Ƙwaƙwalwar mai neman kuɗi ba abin dogaro ba ce a nan.

Ciko kuma ba juye ba ne. Wanda ke ƙara rabin kwalba duk sati yana cewa ai kullum sabon mai yake zubawa, dattin yana nan kwance bai fita ba. Ciko yana da wurinsa, in geji ya nuna ƙasa tsakanin juye da juye. Amma in ka ga kana yawan ciko, tambayi inda man ke tafiya: ko yana ɗiga, ko yana ƙonewa.

Sabon mashin yana da nasa hukuncin. A kwanakin farko ƙarafan ciki suna goge juna kafin su zauna, suna zubar da ɗan gari mai ƙyalli. Shi ya sa ake juyen farko da wuri, tsakanin kilomita 500 da 1,000 gwargwadon abin da littafinsa ya ce. Haka ma injin da aka yi wa sabon aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mashin ɗin da aka ci zalinsa a watan farko ba ya mantawa.

Sai batun wane mai. Ɗana, man kwalba na bakin titi, wanda ake ɗibowa daga duro a zuba a tsohuwar robar lemo, ba ka san asalinsa ba, mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba. Wani ɗanyen mai ne da ba a sa masa sinadaran da ke kare injin ba, wani tsoho ne aka tace aka gyara masa launi. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Nijeriya ta sha kai samame wuraren da ake haɗa irin wannan ana ɗurawa a galan masu sunan manyan kamfanoni. Don haka suna a jikin galan kaɗai bai isa ba. Saya a gidan mai ko shagon da aka sani, duba murfi ka tabbata hatiminsa bai taɓa karyewa ba, a buɗe a gabanka. In an gama, huda galan ɗin ko ka tafi da abinka, kada ka bar shi ya koma hannun masu ɗuri. Araha ba ta ado.

Ko man na gaske ne, sai ka duba ko na babur ne. Juya bayan galan ka nemi rubutun JASO MA ko MA2. Ma'auni ne da Japanawa suka kafa don man baburan da kulochinsu ke cikin mai. Wasu mayukan ƙananan motoci na zamani an ƙara musu sinadarin santsi don rage shan fetur, alheri ne ga mota, amma a babur yana iya sa kulochi ya riƙa zamewa. Za ka ji injin na ihu, gudu bai ƙaru ba, ka je ka canza faranti alhali laifin na mai ne. Lambobin nan kuma, irin 20W-50 ko 10W-30, kaurin man suke nunawa, ta farko a sanyi, ta biyu in ya yi zafi. Bi wadda littafinka ya faɗa. Akwai masu cewa gwargwadon kauri gwargwadon kyau, har su zuba wa ƙaramin mashin man da ya dace da babbar mota. Mai kauri fiye da kima yana jinkirin hawa kan injin da sassafe, kuma a 'yan daƙiƙun nan na farko ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe.

'Yata, ke ma da ke nake, domin na san a Maraɗi da Yamai da wasu garuruwanmu mata na hawan roba-roba zuwa aiki da kasuwa. In naki mai giya ne a ƙafa, duk abin da na faɗa ya hau kansa. In kuwa irin mai bel ne wanda ba a sa masa giya, yana da wani ɗan mai na daban a wajen ƙafar baya, shi ma ana canza shi lokaci-lokaci. Ki tuna wa bakanike, don an fi mantawa da shi.

Yanzu ga aikin kansa. Ba ya cin rabin awa, kuma ba abin da zai gagare ka a ciki. Tayar da mashin ya yi minti uku zuwa biyar, mai ya yi ɗumi ya saki jiki, dattin da ya kwanta ya tashi. Kada ka juye shi da sanyi, kada kuma ka kama shi kana dawowa daga doguwar tafiya, zai ƙona ka. Kashe shi, ka ɗora shi a ƙafar tsakiya a wuri mai daidai. Goge kewayen murfin geji da na notin ƙasa da tsumma kafin ka buɗe komai, don yashin da ke maƙale a wurin ciki zai faɗa. Sa kwano mai tsabta a ƙasa, buɗe murfin sama, sannan ka kwance notin da sifana daidai bakinsa, ba filaya ba, ba guduma da kurfi ba. Bar shi ya tsiyaye sosai. Makulli a kashe, ka taka kik a hankali sau kaɗan, ka ɗan karkata mashin, za ka ga ragowar ta fito.

Kafin ka kawar da kwanon, kai shi rana ka duba, don tsohon mai labari yake ba ka. In abin da ya fito bai kai rabin abin da aka zuba ba, mashin na shan mai ko yana zubarwa. In ya yi fari-fari yana kumfa, ruwa ya shiga, abin da ke yawan faruwa da damina ga masu kutsawa cikin rafi da kududdufi. In ya tsinke yana warin fetur, kafireto na zuba, a gyara shi, in ba haka ba sabon man ma haka zai koma. In ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe ko ɓarɓashi a gindin kwanon, kuma mashin ba sabo ba ne, wani abu na cinyewa a ciki, a bincika tun yana ƙarami. Wanda ya miƙa makulli ya tafi shan shayi, duk wannan ya wuce shi.

Matatar mai ita ce marainiyar aikin nan. Na sha tambayar samari yaushe aka wanke musu filta, su ce ai babur ba shi da ita. Yana da ita, wani ma biyu gare shi. Ta farko 'yar raga ce ta ƙarfe, ba ta fi kan babban yatsa ba, tana bayan wani murfi mai faɗi a ƙasan injin, galibi ta hagu, da sifirin a bayanta. A injin irin na CG, murfin nan shi ne ma ƙofar juyen. Zaro ta a hankali, ka lura da yadda suka jeru, ko ka ɗauki hoto da waya. Ɗaga ta sama ka kalli haske ta cikinta: za ka ga zare-zaren gasket, da gutsattsarin gam ɗin da wani ya lafta a aikin baya, da baƙin gari. Duk man da famfo ke turawa sama sai ya bi ta ragar nan, in ta toshe kan injin ya zauna da ƙishi ko da sabon mai ne cike a ƙasa. Wanke ta da kananzir, ta bushe, in ta yage a sayi wata. Duba zoben robar da ke jikin murfin, in ya taurare ko ya tsage canza shi.

Ta biyu a ɓoye take, sai an cire murfin dama na wajen kulochi. Wani ɗan gwangwani ne da ke juyawa tare da injin, ƙarfin juyawar ke wurga datti jikin bangonsa ya manne. In aka buɗe wanda ya daɗe, za ka tarar da laka mai tauri, toka-toka, sai an kankare ta. In ya cika, ya daina kamawa, datti ya ci gaba da zagaye injin. Wannan ba aikin kowane juye ba ne, wajen kowace kilomita 10,000 zuwa 12,000 ake yinsa, kuma sai da sabon gasket a hannu. Ka bar wa bakanike, amma kai za ka tuna masa.

Wasu sababbin babura kuma suna da matata ta takarda a cikin wani ƙaramin murfi a gefen injin. Ita ba a wanke ta, ko da an ce maka an wanke da fetur ta koma sabuwa. Cire ta ake yi a sa wata. Tana da gaba da baya, in aka juya ta tana iya tare hanyar mai gaba ɗaya, injin ya lalace cikin 'yan mintuna. Manyan babura masu filtar gwangwani irin ta mota, ana shafa wa robarta ɗan sabon mai, a ɗaura da hannu, ba a yi mata ƙarfi.

Wurin mayar da noti ne ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi. Notin ƙarfe ne, jikin injin kuwa alminiyom ne mai laushi. Fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna, in ka ji ya cije tun farko to ya hau a karkace, warware ka sake. Sannan ka ɗan matse da sifana, matsewa ta hankali. Yaran gareji masu jin ƙarfi sukan zura wa sifana bututu su danna da ƙafa, haƙoran ramin su cinye, daga ranar sai ɗiga, sai naɗa leda da zare. Washar da ke jikin notin ita ke hana zuba, ba ƙarfin damtse ba. In ta baje, canza ta, ba ta da tsada. Noti sako-sako kuma ya fi haɗari, don in ya faɗi kana gudu man zai zube a gaban tayar baya.

Abu biyu nake roƙon ka hana a yi maka. Kada a zuba fetur ko kananzir cikin injin a tayar wai ana wanke shi, yana wanke man da ke kare ƙarafan ne, ragowarsa kuma ta tsinka sabon. Kada kuma a hura masa iskar mai faci ta bakin geji, iskar nan tana ɗauke da ruwa da ƙura.

Zuba sabon da mazurari mai tsabta. Yawancin ƙananan babura tsakanin kusan lita ɗaya ne zuwa lita da ɗan ɗori, wasu an rubuta adadin a jikin injin kusa da murfi. Kada ka ce bari in ƙara don ya ji daɗi. In ya yi yawa yana kumfa, yana tura roba ya fara zuba, yana haurawa akwatin matatar iska. Tayar da mashin ya yi minti biyu ba tare da ka murɗa totur ba, kashe, jira kaɗan, sannan ka auna yana tsaye sak. A yawancinsu ana goge geji a saka ba tare da an ɗaura shi ba, a zaro a duba, man ya tsaya tsakanin layin sama da na ƙasa. Masu gilashi a gefe, ta nan ake gani. Leƙa ƙasa ka tabbata ba ɗigo. Tunda hannunka ya riga ya ɓaci, buɗe matatar iska ma, domin ƙurar da ta wuce ta, cikin man nan za ta ƙare.

Tsohon man, zuba shi a galan ka rufe, akwai masu saye a gareji. Kada ka tuttular a kwata ko kusa da rijiya, ƙasa ba ta narkar da shi da wuri. Kada a shafa shi a ciwo ko ƙyasfi ko makero, na mutum ko na dabba, kamar yadda wasu ke yi a ƙauye. Yana ɗauke da gubar da yawan taɓa fata da ita kan jawo cuta, har da sankara. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka sa a tuwo. Sarƙar mashin ma ba ta son sa, garin ƙarfen da ke ciki cin ta yake yi.

Ban ce ka raina bakanike ba, ko ka tsaya masa a ka kamar mai gadin ɓarawo. Yawancinsu mutanen kirki ne, aiki ne ya yi musu yawa, juye kuwa yaro ake tura wa, yaron da watakila watansa uku da fara koyo. Ka yi sallama, ka gaida oga, ka miƙa man da ka sayo, ka ja benci kusa. Ce masa, "Maigida, don Allah a duba mini ragar nan yau." Matambayi ba ya ɓata, kuma mai sana'a ya fi kula da mashin ɗin wanda ya ga ya damu da abinsa. In na haya ne a hannunka, amana ce, kuma masu ba da mashin suna gane direban da ke kashe injin da wanda ke raya shi. Na ga waɗanda aka ɗauki sabon mashin aka ba su ba don komai ba sai don tsohon da suka mayar yana da lafiya.

Gobe da safe, kafin ka taka kik, tsayar da shi daidai ka zaro geji ka duba. In ka kasa tuna ranar da aka yi masa juye na ƙarshe, to ranar ta yi, kai shi kafin ka ɗauki fasinjan farko, kuma ka ce a buɗe ragar a gabanka.